Rumbun Tururuwa

Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda, shi da yake saukar da ruwa ranar da ya so, ba ranar da muka ƙidaya ba.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da saukar shamuwa kan gawon masallaci, amma sama fes take kamar an bi ta da tsintsiya. Tun hantsi rairayi yake hana mutum taka shi ba takalmi. Awaki sun bar kuka, sai haki a gindin danga. Jiya bayan la'asar ɗana Shibkau, wanda shi ma furfura ta fara shiga gemunsa, ya zo ya durƙusa bakin zaure ya ce, "Baba, mutane na ta binne. Mu bi su, ko mu dakata?" Binne shi ne a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya kwanta yana jira. Na ce ya dawo da safe. Tambayarsa ta mayar da ni shekarar da aka haife shi, na ga gara in sa labarin a takarda tun ido yana gani.

A lokacin tungarmu gida tara ce, a kan tudun rairayi arewa da Ɗan Gulbi, inda noma yake ƙarewa kiwo ya fara. Daga mu sai daji, sai Fulani da Buzaye masu bin rijiyoyi da dabbobinsu ta wajen Dakoro da Korahane. Mahaifina ya rasu da kaka, aka aika mani can kudu inda nake karatu. Na dawo da matata Kulu, da gafakar littattafai, da wani girman kai da ban san ina ɗauke da shi ba. Na tarar da Inna, mahaifiyata, ita kaɗai a gida, da rumbu wanda bai kai rabi ba, domin fara ta ci gonaki a daminar da ta wuce.

Kafin bazara ta kai tsakiya hatsi ya ƙare a kowane gida. Da asuba, bayan salla, Inna da sauran mata su shiga daji tsinkar anza. Ƴaƴan anza ɗaci gare su kamar maɗaciya, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin su ciwu, ga rijiyarmu da zurfi, guga ɗaya sai tafin hannu ya yi ja. Kulu, da tsohon cikinta, tana gida tana dakan dusa da ganyen jiga. Mu maza muna sassabe da sanyin safiya, rana na ɗagawa mu dawo mu kwanta inuwa, ba don lalaci ba, don kada abin da ke cikinmu ya ƙone da wuri. Ci sau ɗaya ne, bayan magariba. Yunwa ba ciwo take yi ba bayan kwanakin farko. Sanyi take sawa a gwiwa, ta sa mutum ya riƙa jin ƙamshin tuwo inda ba a hura wuta ba.

Duk da haka akwai hatsi a kowane ɗaki, wanda ba mai taɓawa. Iri ne. Namu yana rataye a rufin ɗakin Inna, inda hayaƙi ke dukansa, zangarniyoyin da mahaifina ya zaɓa da hannunsa kafin ya kwanta ciwo. Kowane gida da irinsa, kowa kuma yana tinƙaho da nasa. Namu gajere ne mai saurin nuna. Na Baba Bawa, ƙanin mahaifina kuma Sarkin Noman tunga, dogon kai ne. Na gidan maƙera gashi gare shi, tsuntsu ba ya son sa. Neman aure a gidan mutum ya fi sauƙi a kan neman irinsa.

Sai shamuwa ta sauka da wuri. Aka taru gindin gawo bayan la'asar. Baba Bawa ya dube ni ya ce, "Mamman, kai ka yi karatun taurari. Duba muna, yaushe ruwa?"

Da na ce Allah ne masani na yi shiru, da na huta. Amma na shiga gida na buɗe takarduna, na ƙidaya kwanakin taurarin damina kamar yadda aka koya mani, na fito na ce ruwa ba zai wuce kwana bakwai ba. Aka yi murna. Baba Bawa ya ce to gobe kowa ya fito da sungumi, a yi binne, ruwan fari ya tarar da iri a ƙasa.

Da na je sauke irinmu, Inna tana zaune tana ɓare anza. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Shamuwar taka ta ɗauki kara?"

Na ce, "Wane kara, Inna?"

"Na sheƙa. Tsuntsuwa ta zo ta yi tsaye bisa icce kamar baƙon da bai kwance kaya ba, ku kuma kun ce damana ta yi. Dubi gawo, ko ganye ɗaya bai zubar ba. Iska ma ba ta juyo ba."

Na ce, "Inna, wannan lissafi ne, malamai sunka aje shi."

Ta ce, "Ban ƙi ba, Malam." Idan Inna ta kira ni Malam, to, ba yabo ba ne. "Raba shi biyu. Ka binne rabi, ka bar mini rabi bisa."

Na ce rabin iri rabin gona ne, rabin gona kuwa wata yunwar ce baɗi. Na sauke shi duka, aka sussuke. Da sauran gidaje suka ga mai karatu bai rage ko zangarniya ba, su ma ba su rage ba.

Kwana uku muna binne. Maza a gaba da sungumi suna sara, ƙura na tashi, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. A rana ta uku Kulu ta haihu, namiji. Shi ya sa ake kiransa Shibkau.

Kwana bakwai suka cika, sama ba ko girgije. Da ranar suna ta zo aka yi shi da ruwan anza da addu'a. Kwana goma sha huɗu. Kwana ashirin. Mutane suka daina tambayata. Idan na gaishe su sai su amsa da kyau, su kau da ido, wannan kuwa ya fi zagi zafi. Muka fita bayan gari roƙon ruwa, babba da yaro, muka juya riguna, muka yi salla cikin rana har goshi ya yi bororo. Muka dawo yadda muka fita.

A rana ta ashirin da bakwai, bayan azahar, gabas ta yi ja, jan ya koma baƙi. Iska ta zo ta kwashe dangar gidanmu, sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Na ga tsofaffi sun fito tsakar gida sun tsaya cikin ruwan suna kuka. Na ce a raina, alhamdu lillahi, an makara amma an iso.

Hatsi kwana uku yake yi ya huda ƙasa. Ran na uku na je gona, sai tsilli-tsilli, nan ɗaya, can ɗaya. Na ce gobe. Ran na huɗu haka. Na durƙusa na tona rami da yatsa, ba komai. Na tona na gaba, ba komai. Na bi layi ina tono kamar kaza, har farcena ya yi jini. Ba ruɓewa irin ya yi ba, babu shi ne ɗungum. Na ɗaga kai na hango Baba Bawa a tasa gonar, shi ma a durƙushe.

Da aka taru gindin gawo ba wanda ya ɗaga murya. Baba Bawa ya ce, "Kwana ashirin da bakwai iri na kwance ƙasa, tururuwa ta kwashe. Ba mu da iri, ba mu da abin saye. Shawarata mu tahi gulbi, can kudu, mu yi wa masu gona aiki mu ci, Allah shi kai mu baɗi." Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Tungar da aka bari damina ɗaya, rijiyarta rushewa take yi, ba a dawowa. Ga kabarin mahaifina ko shekara bai yi ba. Na tashi na ce, "Jama'a, ni na ja muku. Ku gafarce ni." Maƙeri ya ce, "Zamna, Malam. Da ƙafafunmu munka bi ka." Aka tsayar da tafiya nan da kwana uku.

Washegari da hantsi ina ɗaure littattafaina, sai ga Inna ta dawo daga ɗibar jiga, tana sauri irin wanda ban taɓa gani gare ta ba. Ta kwance bakin zanenta ta juye mani a hannu. Ƙwayoyin hatsi ne, ba su kai cikin cokali ba.

Ta ce, "Ka gane shi?"

Na dube shi. Gajeren ƙwaya, mai duhun hayaƙi. Na ce, "Irin Baba ne. Ina kinka same shi?"

"Kira mini raggon mijin nan nawa, ku biyo ni."

Haka take kiran Baba Bawa, don wasan da ke tsakanin mace da ƙanin miji. Ya fito yana gyara hula yana cewa, "Tsohuwa, in zawarci kike so ki bari mu isa gulbi, nan ba ni da ko goro." Ta ce, "Wa zai auri mai gonar da babu ko ciyawa? Taho ka gani."

Ta kai mu kusurwar gabas ta gonarmu, inda wani gidan tururuwa yake, fili a share kamar masussuka. Abin da na gani har yau yana idona. Ruwan da aka yi ya jiƙa musu ajiya ta sama, sun fito da ita shanya. Ga hatsi an baza shi a rana kewaye da bakin ramin, tururuwa na kai da kawowa, wasu na fitarwa wasu na juyawa, kamar mata ranar wankin hatsin biki.

Baba Bawa ya ce, "Ɓarayi! A kawo mini wuta."

Inna ta ce, "Wuta? Ka ƙone rumbu don haushin mai rumbu? Wanga da ka gani wanda ya jiƙe ne. Busasshen yana ƙasa."

Ta faɗa mana cewa tun tana yarinya, a wurin dangin uwarta makiyaya, an yi wata shekara da suka rayu da tonon gidan tururuwa. Ta ce abin yana da ƙa'ida. Ba a sara ta baki, ta gefe ake shiga, a bi ɗaki-ɗaki. Ba a sa wuta, ba a zuba toka mai zafi. Ɗakin da ya fi zurfi ba a taɓa shi, nasu ne. In an gama a mayar da ƙasa a rufe.

Baba Bawa ya ce, "Su da sunka kwashe namu, sun bar muna ɗaki?"

Ta ce, "Da sun bar shi inda ɗanka Mamman ya zuba, da rana ta soye shi, ko ɓera ya ci ya yi kashi. Su aje shi sunka yi. Kawo hauya, ka bar surutu."

Kwana biyu tunga duka tana tono. Gidajen tururuwa sun fi yadda muke zato yawa, kowace gona da nata, har cikin daji. A tona kamu biyu ko uku sai a tarar da ɗan ɗaki kamar tafin hannu, shafaffe, cike da ƙwaya a bushe. Cizo kuwa ba a magana. Suna hawa ƙafa su shige wando, ka ga dattijo ya yar da hauya yana tsalle, mata na dariya. Rabon da in ji dariya a tungar nan tun kafin binne. Abin da aka tono aka kai wa mata, suka zauna da faifai suna bakace, rairayi gefe, ƴaƴan ciyawa da ƙarangiya gefe, hatsi gefe. Da aka gama, hatsin ya cika ƙwarya bakwai.

Sai magana ta tashi, wadda ta fi tonon wuya. Ƙwarya bakwai ga mutanen da suka yi wata biyu ba su ga hatsi ba. Aka ajiye su a tsakiya, kowa na kallo, ana jin yara na haɗiyar yawu.

Baba Bawa ya ce, "Ni dai abin da na ji tun ina yaro, tururuwa in ta kai ƙwaya gida sai ta cije idonta don kada ta tsira. In haka ne, wanga ba iri ba ne, abinci ne. Mu dama shi mu samu ƙarfin tahiya. In munka zuba shi ƙasa bai fito ba, mun yi biyu babu. Mamman, mi karatu ya ce?"

Ni ma na taɓa jin haka a bakin malamai. Kuma a daidai lokacin ina jin kukan Shibkau daga bayan danga, kukan da ba shi da ƙarfi, domin nonon Kulu ya fara ɗaukewa. Kalma ɗaya zan faɗa a ɗora tukunya. Bakina har ya buɗe. Sai na ce, "Baba, na ji ana faɗin haka, amma ban taɓa dubawa da idona ba. Na yi magana sau ɗaya, kun ga inda ta kai mu. A tambayi Inna."

Inna ta ce, "Ni ban yi karatu ba. Amma Bawa, shekara nawa kana noma? Ka taɓa ganin bakin gidan tururuwa da damana babu gyauro? Wa ya shibka shi? Abin da ya faɗi daga bakinsu ne. In suna kashe ido, da mi yake tsira?"

Maƙeri ya ce, "Wannan gaskiya ne. Amma mai jego fa? Ita da jinjiri ba su iya jiran kaka."

Sai muka ji muryar Kulu daga bayan danga. Mai jego ba ta shiga taron maza, kuma Kulu ba mai magana ba ce. Ta ce, "Baba, ku gafarce ni. In an dama shi, kwana nawa zai kai mu?"

Baba Bawa ya ce, "Gida tara? Kwana huɗu, ɗiyata. Ko biyar."

Ta ce, "To ran na shida mi zan ba shi? A ba ni ƴaƴan ciyawar in sha kunu. Hatsin a shibka."

Ba wanda ya ƙara cewa a ci.

Saura rabo. Maƙeri ya sa hannu cikin ƙwarya yana tsintar nasa, wai ya san ƙwayarsa. Inna ta ce, "Tsinci, ɗan nan, in ka gama baɗi sai ka faɗa muna. Ko ka je ka tambayi tururuwa wace gona ta ɗauko wanne." Tururuwa ba ta san iyakar gona ba, ta haɗa na kowa. Don haka aka yanke cewa gona ɗaya za a yi, ta tunga duka, a fadamar da ta fi riƙe laima, kowa ya yi aiki, a raba da kaka bisa yawan baki.

Amma laimar ruwan fari ta riga ta tafi, kuma ba mai sake ambaton binne. Aka zuba irin cikin tulu, aka liƙe bakinsa da yumɓu, aka ajiye a kusurwar masallaci. Kwana shida muna salla da abinci a bayanmu. Ban taɓa yin azumin da ya kai waɗannan kwanaki ba. Ƴaƴan ciyawar aka riƙa damawa ana ba masu jego da yara. Wata Bafillatana da ta saba kawo wa Inna nono ta ga halin da Kulu ke ciki, ta riƙa zuwa da ɗan tsala a ƙoƙo, alhali shanunsu ma ƙashi da fata ne. A kwana na biyar Inna ta nuna mani sama da haɓa. Shamuwa ce ta wuce da kara a baki.

Ran na bakwai ruwa ya sauka tun da safe har azahar, mai laushi, wanda ke shiga ƙasa. Bai gama ɗaukewa ba muka fasa tulu. Da can da yatsa uku ake ɗibar iri a jefa ba ƙidaya. Ran nan ƙwaya uku-uku aka riƙa sawa, Inna na bin layi tana duba hannun kowa. Ba kiɗa, ba kirari, sai ƙarar sungumi da bismilla.

Safiya ta uku ina alwala na ji ana kiran Inna tun daga bakin fadama. Baba Bawa ne, da tsufansa, yana gudu, hula a hannu. "Tsohuwa! Tsohuwa, fito! Na yarda, a ɗaura auren!" Muka kwasa gaba ɗaya. Layi-layi, daga wannan baki har wancan, ƙananan kunnuwa kore sun huda rairayi, kowanne da ɗigon raɓa. Ba duka ramuka suka fito ba, amma mafi yawa sun fito. Na faɗi na yi sujada a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Inna ta tsaya tana kallo, ta ce wa Baba Bawa, "Sai ka yi sadaki da dami goma, raggo."

Yunwa ba ta tafi ran nan ba. Mun yi noman fari da na biyu da tafasa da yaɗiya a ciki, wani ya yi layi ɗaya ya zauna jiri ya wuce. Amma yunwar mai kallon hatsinsa yana girma daban take. Ranar da aka gasa tumun farko, Kulu ta tauna ta sa wa Shibkau ɗan kaɗan a leɓe, ya yamutsa fuska, muka yi ta dariya. Gonar kuwa abin kallo ce, dogo da gajere da mai gashi duk a rami ɗaya. Ba a yi arzikin a zo a gani ba, amma ya kai mu wata damina, da iri a rataye a kowane ɗaki.

Ranar da aka ɗaure damin farko, Inna ta ce in kwance shi in kai zangarniya bibbiyu bakin kowane gidan tururuwa da muka tona. Na tsaya ina tunani ko abin ya dace da mai karatu. Na ga ba roƙonsu za mu yi ba, ba tsoronsu muke ji ba, ciyar da mai rai ne, kuma mun shiga gidansu mun ɗiba. Na ɗauka na tafi. Da na isa kusurwar gabas na tarar wani ya riga ni. Baba Bawa ne a tsugune yana murje zangarniya a bakin ramin. Ya gan ni ya ce, "Kada ka faɗa wa tsohuwar nan."

Yanzu tunga ta wuce gida arba'in, rijiya uku. Inna da Baba Bawa da Kulu duk suna bayan masallaci, Allah ya haskaka makwancinsu. Irin da muke shibkawa jikan na fadamar nan ne, har yau ba ya fitowa kai ɗaya, kuma ba mai hana maƙwabcinsa. Mutanen kudu in sun zo nema suna cewa a ba su ɗan tururuwa, samarinmu na auna musu, da yawansu ba su san inda sunan ya fito ba.

Da safen nan Shibkau ya dawo kamar yadda na ce. Na ce masa, "Raba shi biyu. Ka binne rabi, ka bar rabi bisa. Gidan tururuwar da ke kusurwar gabas kuma kada sungumi ya taɓa shi."

Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ba za ka duba takarda ba?"

Na ce, "Na duba. Kai dai in ka bi ta gindin gawo ka ɗaga kai."

Ya tafi, na ci gaba da rubutu. Ban kai ƙarshen wannan shafi ba sai ga shi ya leƙo zaure, sungumi a kafaɗa. Ya ce, "Baba, ta ɗauki kara."

Alhamdu lillahi. Bari in rufe tawada in je in gani da idona.